Motar da Ke Ciwo da Rana

Satin da ya wuce aka sare mangwaron tsohon garejinmu, wai za a faɗaɗa titi. Ban je na gani ba. Ɗana ne ya faɗa mini muna cin tuwo, kamar mai ba da labarin tsadar tumatir, ni ma na ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, na ci gaba da cin tuwona. Bishiya ce, ta yi zamaninta. Sai dai tun daga ranar nake ta jin bugun injin wata akori-kura a kunnena, motar da na tabbata ƙarfenta ya daɗe da komawa tukunyar dafa shinkafar biki.

Ɗan nawa ma makanike ne, ko da yake ba ya son a kira shi haka. Yana da shago mai rufin kwano da fanka, yana sa riga mai aljihu, kuma hannunsa ya fi na malamin makaranta tsabta. In an kawo masa mota sai ya ɗauko wata 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto masa inda ciwon yake, da lokacin da ya taso, har da irin zafin da injin ya yi a lokacin. Ba ya tambayar direba komai, in ban da gaisuwa. Nakan zauna a gefe ina kallo, ba na tsoma baki. Mu a zamaninmu kunne ne na'urarmu, sai sukudireba mai dogon hannu, sai kuma abin da direba ya faɗa maka, in ka ga damar sauraronsa.

Keffin da na taso a cikinta da sassafe shiru take, irin shirun da kana unguwar Liman Abaji za ka ji guga ya faɗa rijiya a gida na uku. Bayan an idar da salla sai taɓare su fara amsa wa juna, sai tattabaru, sai muryar mata masu kawo itace da doya daga ƙauye suna gaisawa da harsunan da ban taɓa iyawa ba. A wannan lokacin maigidana yake son a kawo masa mota. Oga muke ce masa. Gajere ne, mai faɗa, ya koyi aiki tun zamanin Turawa, kuma yana da doka guda da ba a karya ta: ana sauraron mota ne kafin injin niƙan bayan garejinmu ya tashi. Sai a tayar da inji, ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Duk wanda ya yi tari a lokacin ya sha ranƙwashi. Yakan ce mana, "Da safe kunne sabo ne, gari bai cika shi da shirme ba." Abin da ya ji da safen shi za mu wuni muna kwancewa. Da azahar kuwa gareji ya mutu. Sifana ta yi zafin da ba ta taɓuwa, kowa ya nemi kwali ya miƙe a gindin mangwaro, ƙudaje na bin ɓawon da muka yar. Shekara bakwai na yi a haka, ina wanke noti da kananzir, ina share fili, ina koyon bambanta ƙarar bawul da ta fistin. Ban taɓa ganin Oga ya ɗora kunne a kan injin da ya sha rana ba, don haka ni ma ban taɓa yi ba.

An yaye ni daidai lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa. Oga ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar mini gindin mangwaron ya koma gida. Motoci kuwa sai ka ce daga sama ake zubo su. Malamin makaranta ya sayi babur, akawu ya sayi mota, ɗan kasuwar da jiya yake bin jaki ya sayi akori-kura. Ina saurayi, aiki ya fi ƙarfina, kaina ya fi hulata girma. Abin da ya ƙara kumbura ni wata dabara ce da na ƙirƙiro. A cikin injin irin na da akwai wani abu da ake kira kwayil, kamar dogon gwangwani, shi ke karɓar wutar batir ya ƙarfafa ta ya aika wa fulogi. Da damina hanyoyin ƙauyukanmu duk rafi ne babu gada, da ruwa ya fantsamu a kan kwayil sai mota ta mutu a tsakiyar rafi. Sai na riƙa yanka robar cikin taya siri-siri ina naɗe shi tamau, tun daga wuya har gindi, yadda ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba. Abin ya yi aiki. Direbobi suka fara ce mini Injiniya, ni kuma na fara amsawa.

Cikin motocin da na naɗa wa robar nan har da akori-kurar wata Hajiya ta Angwan Iya, mai fataucin doya da gyaɗa da manja. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta da mugunta, amma ba ta da haƙuri ko na anini. Direbanta wani dattijo ne ɗan ƙabilar Eggon da ke zaune a Tudun Ƙofa, kowa Baba Direba yake ce masa. Tun kafin a ba mu mulkin kai yake jan manyan motoci, da ƙarfi ya fara raguwa ya dawo kan ƙarama. Dogo ne, ba ya son magana, ko goro ba ya ci. Dattijo ne a cocinsu, ran Lahadi a gaba yake zama kusa da fasto. Kullum da safe sai ya wanke motar nan da kansa har ƙarƙashin taya. Hausarsa tana da tata hanyar, mota a bakinsa namiji ce, mu kuma samari mukan kwaikwaye shi in ya juya baya.

Da bazara ta kama sosai, irin wadda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, sai ga Baba ya shigo da motar da sassafe.

"Injiniya, motan nan yana ciwo," in ji shi.

Na ce, "Ina ke masa ciwo, Baba?"

"In za mu tafi kasuwa da safe, lafiya lau. In za mu dawo, rana ya tsaya a kai, sai ya fara tari. Yana fizga, yana fizga, kamar wani yana riƙe shi ta baya. In na kai hawan nan na bishiyan ɗorawa sai ya ƙi gaba ɗaya. Sai na jira rana ya sauka."

Na tayar da inji, na ɗora sukudireba, na rufe ido kamar yadda na ga ana yi. Silinda huɗu suna bugawa daidai kamar 'yan mata huɗu a turmi ɗaya. Na zare wayar fulogi na kusantar da ita jikin ƙarfe, wuta ta yi tsalle shuɗiya, tana ƙara ƙas-ƙas. Duk da haka na canza masa fulogi don kada ya ce ban yi komai ba. Bayan kwana huɗu ya dawo da magana iri ɗaya, na wanke kafireto na hure shi. Ya sake dawowa, na gyara kwantak, na tace man tanki ko da ruwa a ciki. Kowane zuwa da sassafe yake yi, domin haka na ce masa, kuma kowane zuwa motar tana bugawa lafiya kamar tana yi mini dariya.

A zuwa na uku ne ya tsaya bayan na rufe bonet, ya cire hularsa ya share gumi, ya ce, "Ɗana, ka bi ni kasuwa rana ɗaya. Ka ji shi da kunnenka. Ran da hadari ya rufe rana bai yi ba. Zafi ne ba ya so."

Na ce, "Baba, inji ai wuta ce a cikinsa. Abin da ke ƙona fetur a cikinsa ina ruwansa da rana? Kuma ka ga layin da ke jirana."

Layin gaskiya ne. Amma gaskiyar da ta fi ita ce ba na son in wuni a bayan doya cikin rana, kuma na ga ƙasƙanci ne a ce direba zai koya wa Injiniya lokacin da ake sauraron mota. Ya dube ni kaɗan, ya mayar da hularsa, ya tafi.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne inda motar ta zaɓa ta riƙa tsayawa. A hanyar dawowa daga kasuwannin wajen Garaku akwai wani dogon hawa, a ƙarshensa akwai ɗorawa mai inuwa, a bayan ɗorawar kuma akwai rumfunan da mata ke sayar da burukutu ranar kasuwa. Nan ce inuwa kaɗai a wajen, nan Baba ke gangarar da motar ya zauna a kan dutse yana jira. Duk mai wucewa ya ga akori-kurar Hajiya a gindin ɗorawa tun azahar har bayan la'asar. Doya kuwa tana kwance cikin rana tana dahuwa, masu sari da suka zo daga nesa sun gaji da jira sun saya a wurin wasu. Hajiya ta yi haƙurin da za ta iya, wato na sati biyu, sannan ta zo garejin da kanta, mayafi a kafaɗa.

"Kai Injiniya, tsakaninka da Allah, me ke damun motata?"

Na ce, "Hajiya, sau uku ina duba ta. Motarki lafiya lau take."

"To me ke tsayar da ita?"

Na buɗe hannu na ce, "Wannan kuma ban sani ba."

Da a nan na tsaya, da laifina rabi ne. Washegari a teburin mai shayin tasha, inda direbobi da 'yan kamasho ke karyawa, wani ya tambaye ni labarin motar Hajiya. Ina riƙe da kofi, idanu duk suna kaina, sai na ji bakina ya ce, "Ni dai na duba, motar ba ta shan komai sai fetur. In akwai mai jin ƙishirwa a gindin ɗorawa, sai a tambayi wanda ke jan ta." Teburin ya fashe da dariya. Wani har ya ƙware da shayi ana buga masa baya. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban yarda Baba yana sha ba, ban kuma yi tunanin ba ya sha ba. Ban yi tunanin komai ba, magana ce ta zo daidai na sake ta.

Kafin azahar maganar ta zaga tasha, kafin magariba ta shiga Angwan Iya, kuma ta shiga da sunana a jikinta: Injiniya da kansa ya faɗa. A ƙarshen satin Hajiya ta karɓi makullinta ta ba wani ɗan ƙaninta da bai daɗe da samun lasin ba. An ce Baba bai yi musu ba. Ya wanke motar kamar kullum, ya miƙa makulli da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, ban taɓa sa abin nan a bakina ba," ya tafi gida a ƙasa.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan farko. Gari ya yi sanyi, hadari ya riƙa rufe rana tun hantsi, sabon direba ya riƙa zuwa kasuwa yana dawowa kafin la'asar yana danna ham tun daga bakin gari. Ya wuce hawan ɗorawa ko tari motar ba ta yi ba. Kowa ya ce to ga shi nan. Ni ma na ce ga shi nan, har na ji wani sanyi a raina, domin sama da kanta ta tsaya mini shaida. Daga baya na ji cewa maganar ta kai cocinsu, an zauna a kanta, an ce Baba ya sauka daga kujerar dattawa ya koma bencin baya har sai an ga halinsa. Na ji, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da ɗaure noti. Ba wanda ya sake ba shi mota, ga samari masu lasin sun cika gari. Wani lokaci nakan hango shi da fartanya a kafaɗa yana bin gefen titi zuwa wata 'yar gona a bakin rafi. In ya zo daidai garejin yakan ɗaga hannu, ni ma in ɗaga.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya zo ya tafi. Da bazara ta sake tsayawa, ranar wata kasuwa, sai ga ɗan ƙanin Hajiya ya shigo gari bayan la'asar, fuska a murtuke, doya ta sha rana. Kasuwa ta gaba ma haka. Yaron nan jikan liman ne ta wajen uwa, ko warin rumfunan nan ba ya so, amma a gindin ɗorawar aka gan shi, a kan dutsen da Baba ke zama. Da ya kawo mini motar da safe, ya buɗe baki ya ce, "In za mu tafi lafiya lau, in za mu dawo," sai na ji maganar Baba ce sak. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce gobe da ni za a je.

Tafiyar safe sumul. Muka yi lodi, muka kamo hanya rana na tsakiyar ka, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanderu. Mun yi nisa kaɗan sai na ji abin da aka faɗa mini tun bara: bugun ya fara tsallake ɗaya, sannan ya daidaita, sannan ya tsallake biyu. Motar tana fizga kamar ana riƙe ta ta baya, ba kuma wata kalmar da ta fi wannan dacewa. A tsakiyar hawa salansa ta yi harbi sau biyu, da ƙyar muka gangara gindin ɗorawa. Matan rumfa suka leƙo, ɗaya ta ce, "A'a, motar Baba ta dawo! Ina shi mai karatun littafi?" Ashe duk zaman da yake yi a kan dutsen nan littafin addininsa yake karantawa, ruwa ma da gorarsa yake zuwa.

Na buɗe bonet, zafi ya daki fuskata. Na fara da mai, domin shi na fi zargi: na cire tiyo, fetur na zuwa yadda ya kamata. Na zare wayar fulogi na ce yaron ya murza makulli. Wutar da na saba gani shuɗiya mai ƙara, sai ga ta ja-ja, siririya, tana zuwa tana ɗaukewa. Na bi wayar da hannu har zuwa tushenta, na kai yatsa kan kwayil, na janye ba shiri. Robar da na naɗa ta yi laushi tana danƙo, tana wari. Na sa wuƙa na yanke ta, ta ɓare kamar fatar dafaffen rogo, ga gwangwanin a ciki ya canza launi, mai yana tsattsafowa ta wuyansa. Abin da aka yi shi don ya sha iska, ni na sa masa rigar roba na ɗaure. Da damina da sanyi yana jurewa. In zafin gari ya haɗu da na inji da nauyin kaya a hawa, sai ya dahu a cikin rigarsa wutarsa ta mutu, in ya huce ta dawo.

Na roƙi ruwa a wurin matan, na jiƙa tsumma na lulluɓe shi. Ba a fi minti goma ba na ce a murza. Inji ya tashi, silinda huɗu daidai. Yaron ya yi tsalle yana cewa, "Kai Injiniya, kai maye ne!" Ina tsaye da baƙar robar a hannuna, na gane ɗaurin, domin ba wanda ke irin wannan ƙulli a Keffi sai ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ta gyaran mota ba ce.

Da yamma na biya gidan Oga na faɗa masa komai, ina sa ran zai ce dokarsa ce ta jawo. Yana zaune a kan buzu, ya saurara har na gama, ya ce, "Na ce ku saurari mota da safe. Yaushe na ce in rana ta fito ku toshe kunne? Mutumin da ya wuni a cikinta ya ce maka zafi ne, kai da ka gan ta na minti biyar ka ce a'a." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Daga nan na wuce Angwan Iya. Hajiya ta yi salati, ta dafe kai, ta ce a kira mata Baba gobe-goben nan ya karɓi makullinsa. Na ce ni zan je.

Na same shi a ƙofar gidansa a Tudun Ƙofa yana gyara ƙotar fartanya. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, abin da ban taɓa yi masa ba, na ajiye kwayil ɗin da robar a gabansa, na yi masa bayani tun daga farko, har da wanda ya naɗa robar. Ya ɗauki gwangwanin ya jujjuya, ya shinshina.

"Ashe zafi ne," in ji shi.

"Zafi ne, Baba. Yadda ka faɗa."

"To. Na gode da ka zo."

Na ce Hajiya na neman sa, makulli na jiran sa. Ya girgiza kai. Ya ce idonsa ya fara hazo, kuma shekara guda ba tuƙi ta isa ta raba mutum da hanya, a bar wa yaron. Na ce to ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun bara, domin in bai yafe ba shi ne ba zai yi barci ba. Sannan ya ajiye gwangwanin ya dube ni.

"Ka faɗa wa Hajiya. Za ka faɗa wa fasto?"

Na ce zan faɗa.

"Teburin mai shayi fa?"

Ban san ya san daga inda maganar ta fito ba. Na sunkuyar da kai na ce nan ma zan faɗa.

Na cika duka biyun. Ranar Asabar na je gidan faston, karo na farko da na taka harabar coci, na tsaya a bakin ƙofa da hulata a hannu na ba da shaida. Ya saurare ni da kyau, ya kira wasu dattawa biyu na maimaita, kuma an ce Lahadin da ta biyo baya an mayar da Baba kujerarsa ta gaba. Wannan ya yi sauƙi. Teburin mai shayi ne ban manta ba. Na zaɓi safiyar da ya cika, na miƙe tsaye, na ce jama'a ku saurara, maganar da na yi bara a kan Baba Direba ƙarya ce, bai taɓa sha ba, laifin na kwayil ne kuma ni na naɗe shi. Wani ya ce, "Allah sarki." Wani ya ce, "Kwayil kuma? Nawa ma ka naɗa masa, in zo ka cire?" Mai shayi ya tambayi wa ke da burodi biyu. Shi ke nan. Ba wanda ya ƙware, ba wanda ya ruga ya kai wa wani. Rabin waɗanda suka yi dariyar bara ma ba sa nan, sun bi manyan motoci Legas da Kano, sun tafi da tsohuwar maganar.

A satin na bi duk motocin da na naɗa wa roba na yanke. Na kuma sauya yadda nake aiki. Duk wanda ya kawo mota, kafin in taɓa sifana sai na tambaye shi da wane lokaci take yi, da rana ko da sanyi, da kaya ko ba kaya, kuma in ya ce da azahar ne, to da azahar zan saurare ta. Mutane suka ce Injiniya ya ƙara ƙwarewa. Na ci abinci da wannan tambayar shekara arba'in, na yi gida, na aurar da 'ya'ya. Baba kuwa ya ci gaba da nomansa a bakin rafi. Mukan gaisa, wani lokaci ya aiko mini da ɗanyar masara.

Ya rasu shekaru bayan gwamnati ta koma Abuja, lokacin da tasha ta cika da sababbin fuskoki. Na je jana'izar na tsaya daga baya, na ji ana ta faɗin kirkinsa da harshensu da kuma Hausa. Da na dawo na biya tasha in sha shayi, teburin na nan, sai dai ɗan mai shayin ne a kai. Wani matashin direba da ban sani ba ya ga rigata ta fita unguwa, ya tambaya daga ina. Na ce daga jana'izar Baba Direba na Tudun Ƙofa.

Ya ɗan yi tunani, sannan fuskarsa ta washe. "Au, wannan da aka ce motarsa fetur take sha, shi kuma a tambaye shi a gindin ɗorawa?"

Lokacin da na yi maganar nan yaron bai fi goye ba. Na ajiye kofin na ce masa ba haka ba ne, na fara yi masa bayanin kwayil da roba da zafin bazara. Ya saurara cikin ladabi yana gyaɗa kai, har aka kira lodinsa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba," ya tashi ya tafi.